Rauji, Murhu da Hannun Hagun Mai Fiyano



Da yawa daga cikinmu a wannan zaure ba labari kaɗai muke rubutawa ba. Muna rubuta waƙa, kuma ba wadda za ta kwanta a littafi ba, wadda za a ɗauka a kai situdiyo a Daura ko Katsina ko Kano, a biya kuɗi, a ɗora mata kiɗa, ta fito ta shiga wayoyin mutane. Ta biki, ta siyasa, ta soyayya, ta walimar makaranta. To, akwai wani ƙorafi da muke yawan ji daga bakin irin waɗannan marubuta, musamman sabbin shiga: waƙar da na rubuta ba ita ce ta fito ba. Kalmomin dai su ne, ba a cire ko ɗaya ba, amma da aka kunna sai mutum ya ji kamar baƙo ne yake karanta masa wasiƙar da ya rubuta da hannunsa. Galibi sai mu ɗora laifin a kan wanda ya rera, ko mu ce injiniya ne bai iya haɗa sauti ba. Mu a namu ganin, ɓarnar ta riga ta faru tun kafin a kunna makirfo, a daidai lokacin da mai fiyano ya ɗora hannunsa na hagu a kan madannai, mu kuma muna zaune a benci muna latse-latsen waya, don mun ɗauka wannan ba hurumin marubuci ba ne.

Hurumin marubuci ne, kuma ra'ayin da muke son karewa yau ke nan. Ba muna cewa kowane marubuci ya koma makaɗi ba ne. Muna cewa wanda yake rubuta kalmar da za a rera, dole ya san abin da kalmar za ta zauna a kai, kamar yadda mai ɗinkin hula yake sanin girman kan da za ta hau. Sanin da ake buƙata ma ba shi da yawa, da manhajar fiyano ta kyauta a waya mutum zai iya kama shi yana zaune a ƙofar gida.

Bari mu fara da abin da hannun hagun nan yake yi. Fararen madannan fiyano sauti bakwai ne suke ta maimaita kansu: do, re, mi, fa, so, la, ti, sannan do ya sake dawowa a sama. Idan aka haɗa da baƙaƙen madannai biyar da ke tsakaninsu, sun zama 12. Muryar mawaƙi tana taka waɗannan sautuka ɗaya bayan ɗaya, tana hawa tana sauka, wannan shi ne rauji, kamar yadda malaman nazarin waƙar baka suke kiransa. Shi kuwa hannun hagu ba ɗaya bayan ɗaya yake yi ba. Sauti uku yake dannawa lokaci guda, ya riƙe su a ƙarƙashin muryar. 'Yan situdiyo suna kiran wannan kod. Mu a nan za mu kira shi murhu, domin duwatsu uku ne da ake girka tukunya a kai, tukunyar kuwa ita ce murya.

Murhu na farko shi ne do-mi-so. Me ya sa sai waɗannan ukun? Kowane sauti girgizar iska ce. Do na tsakiyar fiyano yana girgiza kusan sau 262 a sakan ɗaya, mi sau 330, so sau 392. Idan ka auna su za ka ga sun tsaya kusan a kan 4 da 5 da 6, wato girgizarsu tana yawan haɗuwa wuri ɗaya, sai kunne ya ji su kamar 'yan ɗaki ɗaya. Amma ka danna do tare da ti da ke maƙwabtaka da shi ta ƙasa, mai girgiza 247, sai ka ji suna gogayya kamar kishiyoyi a madafi ɗaya. Daga cikin murahun da ake iya haɗawa, huɗu ne suka fi yawo a duniya: do-mi-so, da so-ti-re, da la-do-mi, da fa-la-do. Ɗimbin waƙoƙin zamani na Amurka da Ingila da Legas a kan waɗannan huɗun suke zagaye. Turawa sun daɗe suna rubutu a kai, har wani Bafaranshe mai suna Ramo ya buga littafi a 1722 yana mai cewa rauji daga kod yake tsirowa. Ku riƙe wannan magana tasa, don a wurinmu abin a kife yake.

Duk sautin da murya ta taka ɗayan biyu ne: ko yana cikin duwatsu ukun da ke ƙasa a wannan lokacin, ko ba ya ciki. Na ciki ɗan gida ne, yana iya zama ya miƙe ƙafa, a ja shi a daɗe, kunne ba zai damu ba. Wanda ba ya ciki baƙo ne. Baƙo ba aibi ba ne, rauji ma ba ya daɗi sai da baƙi. Idan aka ce murya ta taka 'yan gida kaɗai, waƙar za ta koma kamar busar barikin soja ta tashin asuba. Sai dai baƙin iri biyu ne. Akwai mai wucewa, kamar re tsakanin do da mi, ya ratsa tsakar gida da sauri ba wanda ya tanka masa. Akwai kuma wanda yake faɗowa daidai kan dukan ganga mai nauyi ya tsaya, sai kunne ya ɗaure yana jira ya matsa taki ɗaya sama ko ƙasa ya zama ɗan gida. Wannan ɗan jiran shi ne yake sa tsigar jiki tashi a waƙa. Kuma duk kalmar da ta faɗo a wannan wuri, ita mai sauraro zai tafi da ita gida, ko mun so ko ba mu so ba.

Ga gwajin da kowa zai iya yi yau da daddare. Ka rera kalmar "gida" a kan do, ka ja gaɓar ƙarshe, kada ka motsa muryarka ko kaɗan. Sai ka riƙa sauya murhun da ke ƙasa. A kan do-mi-so, gidan naka ne, ka iso, ka ajiye kaya. A kan la-do-mi, gidan ya yi nisa, kamar mai ci-rani ne yake ambatonsa. A kan fa-la-do, kana hango shi daga kan hanya. A kan so-ti-re kuwa, do ya zama baƙo yana goga kafaɗa da ti, sai ka ji kamar gidan da aka hana ka shiga. Kalma ɗaya, sauti ɗaya, ma'ana huɗu, kuma ba kai ka zaɓa ba. Wanda ya zaɓa shi ne yaron nan mai fiyano da ya ga takardarka minti goma da suka wuce, wataƙila ma bai karanta baiti na uku ba. In wannan ba aikin marubuci ba ne, to mene ne aikin marubuci?

Yanzu mu dawo ga maganar Ramo. Waƙar Hausa ba a kan wannan murhu ta girma ba. Alhaji Mamman Shata, wanda kabarinsa yake nan Daura tun Yunin 1999, ya yi shekara hamsin da ɗoriya yana waƙa ba tare da kod ko ɗaya a ƙarƙashin muryarsa ba. Ku sake sauraron waƙarsa ta Sarkin Daura Muhammadu Bashar: kalangu ne da 'yan amshi. Kalangu kuwa ba murhu ba ne, abokin hira ne, mai kiɗa yana matse tsarkiya a hammata yana sakewa, sautin ya hau ya sauka kamar magana. Ɗan Maraya Jos tsarkiya ɗaya ce a kuntiginsa. Goge da kukuma tsarkiya ɗaya ce, tana bin murya ko ta amsa mata. Gurmin Haruna Uji zagaye ne gajere da yake ta dawowa, murya tana yawo a kansa. Narambaɗa da Ɗanƙwairo kotso ne da muryoyi, Barmani Coge ƙwarya ce. 'Yan amshi ma ba sa raba murya hawa uku irin na mawaƙan coci, rauji ɗaya suke bi tare. A duk waɗannan, rauji ba daga kod ya tsiro ba. Daga magana ya tsiro.

To a kan me tukunyarsu ta zauna? Su ma suna da duwatsunsu. Babba daga ciki shi ne karin sautin harshen kansa. Hausa harshe ne da kowace gaɓa take da nata karin, sama ko ƙasa ko faɗau, kuma karin yana rarrabe ma'ana ko da ba ma nuna shi a rubutu. Kuka na hawaye gaɓoɓinsa biyu duk a sama suke, kuka ta miya kuwa ta fara a sama ta sauka. Wuya na jiki sama ne sannan ƙasa, wuya ta wahala ƙasa ce sannan sama. Wato duk ɗangon da muka rubuta ya riga ya zo da ɗan raujinsa a aljihu tun kafin kowa ya rera shi. Bayan wannan, jimlar Hausa tana da ɗabi'ar gangarawa: ana fara ta da murya a sama, kowane hawa da ya biyo bayan sauka ba ya kai na baya tsawo, har a dire a ƙasa. Shi ya sa za ku ji manyan mawaƙanmu suna buɗe ɗango da ƙarfi a sama, su yi ta gangarowa har su miƙa wa 'yan amshi.

Ga inda rikicin yake. Hanyar da aka fi koya wa mai fiyano ta rufe ɗango ita ce ya tashi daga so-ti-re ya sauka a do-mi-so, kuma raujin da ya fi saurin zuwa yatsansa a nan shi ne ti ya hau do. Hawa ne. Ka ɗauka ka rubuta wa amarya cewa an sa mata sarƙa a wuya, kalmar ta zo ƙarshen ɗango. Harshe yana son ta sauka, fiyano tana son ta hau. Mawaƙi yana jin fiyano a kunnensa, sai ya bi ta. Abin da ya fito shi ne wuya ta wahala, a waƙar aure kuma. Gaskiya ne mai sauraro zai gane abin da ake nufi daga sauran maganar, ba wanda zai ce an yi wa amarya mugun baki. Amma kunnensa ya riga ya yi tuntuɓe, kuma tuntuɓe uku ko huɗu a baiti ɗaya su ne suke sa dattijo ya ce waƙar yaran yanzu ba Hausa ba ce, ya kasa faɗin dalili.

Abin takaicin shi ne maganin yana cikin murhun nan ɗaya. So-ti-re duwatsu uku ne, ba ti kaɗai ba. Ti yana hawa zuwa do, re kuwa yana sauka zuwa do, kuma dukansu 'yan gida ne. Mai fiyano ba zai sauya komai a hannun hagunsa ba. Idan ɗango ya ƙare da Daura, wadda take farawa ƙasa ta hau, a bi ta ti, ko a taso daga so na ƙasa. Idan ya ƙare da Kano, wadda take farawa sama ta sauka, a bi ta re. Magana ce ta sakan biyar a situdiyo, amma sai wanda ya san akwai ta ne zai iya yin ta.

Kada kuma mu wuce gona da iri. Magabatan ma ba su bi karin sauti sawu da ƙafa ba, da sun yi haka da karatu suke yi ba waƙa ba. Wani bincike da Paul Richards ya buga a 1972 a kan wata waƙar Hausa ya nuna cewa sau da yawa rauji yana tsayawa wuri ɗaya alhali magana ta hau ko ta sauka, amma da wuya ya juya ya yi gaba da ita, wato ya hau inda ta sauka. Iyakar ke nan. Kana iya shimfiɗe kalma, kana iya rage mata tsawon hawa, abin da kunnen Bahaushe ba ya yafewa shi ne ka kifar da ita, musamman a ƙarshen ɗango inda amsa-amo yake, inda kowa ya kasa kunne.

Dutse na biyu nauyin gaɓa ne, kuma a nan marubutan rubutacciyar waƙa sun fi kowa sani. Gaɓa mai nauyi da marar nauyi su ne tubalin ma'aunin waƙa, su ne suka sa aruli na Larabci ya zauna wa Hausa daidai, abin da Farfesa M. K. M. Galadanci ya kira aure tsakanin waƙar harsunan biyu a maƙalarsa ta 1975. A situdiyo, murhu yana sauyawa ne a kan dukan farko mai nauyi, kuma a nan ake son dogon sauti ɗan gida. Idan gaɓa marar nauyi ta faɗo wurin, mawaƙi zai ja ta dole. Ka rubuta "mu koma gari", ga ɗin nan gajere ne. Aka ja shi don ya cika gurbin kiɗa, sai masoyan naka suka koma gari na tuwo. Wannan kuskuren ya fi na karin sauti yawa a waƙoƙin da muke ji, kuma ya fi shi sauƙin kaucewa, don tun a takarda ake ganinsa.

Na uku shi ne gindin waƙa, kamar yadda Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero yake kiran amshin da ake komawa bayan kowane ɗa. Aikin da komawa do-mi-so yake yi wa Bature, na jin an dawo gida, shi gindin waƙa yake yi mana.

Fiyano ta shigo ne ta ƙofar fim. Tun zamanin silima kunnuwanmu suka saba da waƙoƙin Indiya, kuma daga tsakiyar shekarun 1990 zuwa ƙarshensu fiyanon Yamaha ta zauna daram a situdiyoyin Kano, ta zama ita ce ganga, ita ce sarewa, ita ce goge. A Yamai ma tun 1978 Mamman Sani ya ɗauki raujin gargajiyar ƙasarsa ya ɗora a kan wata fiyano ta lantarki ƙirar Italiya, har kiɗansa ya zama abin da ake sakawa tsakanin shirye-shirye a rediyo da talabijin na Nijar. Abin da ya kamata mu sani game da irin waɗannan injuna shi ne suna da rakiya mai sarrafa kanta. Ka danna madanni ɗaya ko biyu a hagu, injin ya cika sauran duwatsun, ya ƙara ganga da sauti mai kauri na ƙasa, duk a tsarin da aka shirya a masana'anta. Wato akwai lokacin da ba ma yaron ne ya zaɓa wa kalmarka ma'ana ba, wani injiniya ne a Japan da bai taɓa jin sunan Kusugu ba.

Me ya sa duk da haka abin bai fito da muni ƙarara ba? Saboda yawancin raujinmu sauti biyar yake takawa, do, re, mi, so, la, babu fa babu ti. Ka bi baƙaƙen madannan fiyano kaɗai za ka ji irin tsarin. Fa da ti kuwa su ne masu neman faɗa, su ne suke manne da maƙwabtansu. Da babu su a murya, kusan duk abin da mawaƙi ya taka zai zauna lafiya a kan murahun nan huɗu. Wannan rahama ce, don shi ya sa yaron da bai taɓa shiga ajin kiɗa ba yake iya raka kowace waƙa. Annoba ce kuma, don shi ya sa ake zuba waƙar ta'aziyya da ta kamfen da ta kamun amarya a zagaye ɗaya, ba wadda ta yi karo, ba kuma wadda ta yi fice. Ku tuna sau nawa kuka ji farkon waƙa a shagon caji kuka kasa sanin ta wane ce sai da aka ambaci sunan mai biki.

Wurare biyu ne kaɗai gogayya ta rage a wannan tsari: do a kan so-ti-re, da mi a kan fa-la-do. Na farko yana da ɗaci, na biyu yana da wani irin zaƙi mai kama da bege. Mu da muke aikin kalma, waɗannan wurare biyu dukiya ce. Idan a baiti akwai kalma ɗaya da take ɗauke da ciwon, sunan wanda aka rasa, ko "jiya", ko "alkawari", a nan ya kamata ta faɗo, ta ɗan tsaya, sannan ta sauka. Abin da muke ji a maimakon haka shi ne "kuma" ko "amma" ko "wai" sun hau wannan kujera, don kawai su lissafin kiɗa ya faɗo a kansu. Gindin waƙa kuwa akasin haka yake so. A girka shi a kan 'yan gida, don mata a wurin biki su kama shi tun a zagaye na biyu.

Akwai kuma batun inda rauji yake kwana. Ba kowace waƙa ce take komawa do ba, da yawa daga cikin namu a la suke sauka su huta. Idan mai fiyano bai lura ba ya girka do-mi-so a ƙarƙashin irin wannan, sai ƙarshen kowane ɗango ya zama baƙo, waƙar ta yi ta shawagi ba ta sauka. A gefe guda, mu faɗi wani abu: cewa la-do-mi murhun baƙin ciki ne, do-mi-so na farin ciki, al'adar kunnen Turawa ce, ba doka ba ce daga sama. Kakanninmu sun yi rawa sun yi guɗa a kan raujin da Bature zai ce na makoki ne. Sai dai yaran da suka tashi da fim da waya sun fara ji da wancan kunnen, don haka marubuci ya san wa yake yi wa waƙar.

Na'urar gyaran murya ta Auto-Tune, wadda ta fito a Amurka a 1997, ta ƙara ɗaure abin. Aikinta shi ne ta ja murya zuwa sauti mafi kusa a cikin jerin da aka saita mata. Amma karin faɗau zamewa ce daga sama zuwa ƙasa a gaɓa ɗaya, kamar a "kai" na jiki, kuma daɗin goge da kalangu da muryar tsofaffin mawaƙa yana cikin waɗannan zame-zamen ne, a tsakanin madannai, inda fiyano ba ta da yatsa. Idan aka ƙure na'urar, zamewa ta koma tsalle kamar hawa matakala. A roƙi injiniya ya sassauta mata, ko a baitocin da magana ta fi kiɗa nauyi kaɗai.

Mun san akwai masu cewa a jefar da fiyanon baki ɗaya a koma kalangu. Ba mu tare da su. Mu da muke bakin iyaka muna ganin yadda waƙa take tafiya a yau. Wadda aka haɗa a Kano ranar Juma'a, kafin a watse daga kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi ta riga ta tsallaka Kongolam a wayar direba, ta bi Ɗan Barto da Matamai ta shiga Damagaram, ba fasfo ba kwastan. Ko da aka rufe iyakar a 2019, aka sake rufewa a 2023, kaya sun tsaya, waƙa ba ta tsaya ba. Fiyano da kwamfuta ne suka ba ɗan talaka wannan dama, wanda ba shi da kuɗin ɗaukar makaɗa shida da 'yan amshi, ba shi kuma da gadon kiɗa a gidansu. Baƙon da ya yi shekara kusan talatin a gida ya zama ɗan gida. Abin da muke ƙi shi ne ya karɓe turakar maigida. Kuma masu sauraro a wannan yanki, daga Daura har Damagaram, kunnuwansu sun sha Shata, sun sha Ma'azu Ɗan Alalo. Za su yi rawa da waƙarka a biki, wannan ba wuya. Su riƙe ɗangonka a baki har su buga misali da shi a hira, wannan sai in Hausar ta tsaya da ƙafarta.

'Yan uwanmu da ba sa ɗora wa waƙarsu kayan kiɗa, masu rubuta ta wa'azi ko ta ɗaliban Islamiyya, kada su ce maganar ba ta shafe su ba. Sun tsira daga hannun hagu, amma ba su tsira daga aron rauji ba. Duk wanda ya ɗauko karin wata waƙar Larabci ko ta Indiya ya zuba Hausa a ciki, ya shiga wannan matsalar dai, don an ɗinka raujin ne a jikin harshen da karin sauti ba ya rarrabe masa ma'ana.

A aikace, abin da ya fi komai muhimmanci shi ne wa ya fara. Ka karanta baitinka da ƙarfi kamar kana yi wa wani magana, ka naɗa a waya, ka saurara, sannan ka yi gunjinsa baki rufe. Raujin da ya fito daga nan naka ne, kuma ba zai kifar da kalma ba. Da shi za ka shiga situdiyo. Ka ce wa mai fiyano, Malam, don Allah saurari wannan tukuna kafin ka taɓa komai. Ka rera masa har ƙarshe, ka tambaye shi a kan wane sauti muryarka take sauka, sannan ya nemo murhun da ya dace da tukunyar. Mai fiyanon kirki zai ji daɗin haka, don ka rage masa lalube. In kun ga kod ɗin yana takura baitin, ka roƙe shi ya tsaya a kan murhu ɗaya har baitin ya ƙare, ko ya cire dutsen tsakiya ya bar do da so kaɗai suna amo a ƙasa. Haka makaɗan gargajiyar Indiya suke yi da tamburarsu, sauti biyu suna ta gunji, murya tana yawo yadda ta ga dama, kuma wannan ya fi kusa da gurmi da garaya fiye da zagayen nan na huɗu.

Idan kuwa kiɗan a shirye ka saye shi, kamar yadda ake yawan yi yanzu saboda ya fi araha, to an riga an gina ɗakin, kai za ka shigo da kaya. A nan ba ka da ikon lanƙwasa rauji, don haka kada ka lanƙwasa kalma, ka sauya ta. Hausa ba ta rasa wata kalmar ba. In wurin yana son hawa kuma kalmarka mai sauka ce, ka juya jimlar wata ta zo ƙarshe. Ka karɓi kiɗan a waya kwana biyu ko uku kafin ranar ɗauka, ka yi wannan aikin a gida, don a situdiyo ana lissafin lokaci ne da man janareta, ba wanda zai jira ka kana neman kalma mai gaɓa biyu da ta fara da nauyi ta ƙare a ƙasa.

Duk mai baiti a hannu da yake shirin kaiwa ɗauka, ya ajiye mana ɗango biyu na ƙarshensa a nan ƙasa, ya nuna gaɓoɓi masu nauyi da manyan baƙaƙe, ya kuma faɗa mana kalmarsa ta ƙarshe hawa take yi ko sauka, sai mu auna tare kafin ranar Alhamis.